Yadda za ka gyara matsalar filogin giranula, ka fitar da waƙarka yadda ka ji ta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haɗa kiɗa. Tun bayan ƙaramar sallah kusan kullum sai wani ya tare ni da tambayar nan, ko a sitidiyo nan wajen Ƙofar Ƙaura ko a waya, har daga Daura da Funtua ana kirana. Wani ya ce "oga na ɗora giranula kan murya, cikin FL daɗi kamar me, amma da na fitar da ita sai ta koma wata aba daban." Wani kuma ya ce "yaya kwamfutata tas-tas kawai take kamar ana suyar gyaɗa." Shi ne na ga gara in zauna in rubuta komai daki-daki, duk wanda ya tambaya a tura mishi.

Ga wanda bai san ta ba, giranula filogin ce, wato ƙaramar manhaja da ake ɗorawa cikin manhajar haɗa kiɗa, kuma ɓarzar sauti take yi. Za ta ɗauki murya ko gurmi ko sarewa ta ɓarza shi ƙanana-ƙanana kamar tsaki, yawanci kowace tsaba ba ta wuce milisakan 10 zuwa 100 ba, sannan ta sake watso su yadda ka saita. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, in dai ka buɗe mata wajen cakuɗawa to ba ta maimaita abu ɗaya sau biyu, yadda ta buga yanzu ba haka za ta buga anjima ba. Saboda haka duk matakan nan wuri ɗaya suka nufa, wato ka gyara ta ta yi lafiya, ka kama sautin ya zama odiyo, sannan ka fitar da waƙa. Da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio (FL a taƙaice) zan yi misali tunda shi ne a hannun mafi yawanmu, inda ya kamata zan taɓo sauran.

1. Kayan da za ka tanada

Ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara. Fruity Granulizer yana cikin FL tun asali, masu Cubase suna da Padshop, masu Logic suna da giranula a cikin Alchemy, masu Ableton kuma akwai Granulator amma shi sai da Max for Live, wanda ke zuwa cikin Suite. Su kuma na sayarwa irin su Portal na Output da Efx Fragments na Arturia da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda canji yake, don haka shawarata ka ƙware a kan na gida tukuna. Edison, wato filogin ɗaukar sauti na FL da za mu yi aiki da shi a mataki na 6, daga Producer Edition na FL yake farawa.

Sauran kayan: hedifon mai kyau, cajar laftof ɗinka, wuri a hadis aƙalla giga biyu ko uku, da wuta tsayayya, ko inbata ko sola ko janareta mai isasshen mai. Kuɗin da za ka kashe a gaskiya na mai ne da data. In kana da sawun kat na waje ka jona shi, in babu, direban sauti na FL Studio ASIO ya isa.

Gargaɗi: FL na gwaji yana bari ka ajiye aiki har ka fitar da waƙa, amma ba zai sake buɗe maka aikin da ka ajiye ba. Kar ka kwana kana aiki a kansa kana zaton gobe za ka ci gaba.

2. Ajiye kwafi, sannan ka nemo mai laifi

Kafin ka taɓa komai danna Ctrl da N, zai ajiye maka sabon kwafi mai lamba, na asalin ya tsaya lafiya. Daga nan sai ka kashe giranular ita kaɗai ka kunna waƙar. Matsalar ta tafi? To ita ce. Ba ta tafi ba? To ka daina zarginta, ka shiga View ka buɗe Plugin performance monitor ka ga wane filogin ne ya fi cin ƙarfin kwamfuta, sau da yawa za ka tarar wani ribab ne ko kayan mastarin da aka jibga tun waƙa ba ta kai ko'ina ba.

In ita ce, buɗe sabon aiki wanda ba komai a ciki ka ɗora ta da sautin nan dai. Idan a can ta yi lafiya to nauyi ne ya yi wa aikinka yawa, ka tafi mataki na 4. Idan a can ma ta ƙi, to filogin ɗin ne ko yadda aka girka shi.

Gargaɗi: abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci ɗaya. Yaran da ke zuwa wajena sai su murɗa abu biyar a tare, ko ya gyaru ba su san wanne ya gyara ba, gobe a sake komawa gidan jiya.

3. Idan bai fito ba, ko ya fito ya yi shiru

Wanda bai fito a jerin filogin ba, shiga Options, Manage plugins, ka kunna Verify plugins da Rescan previously verified plugins sannan ka danna Find installed plugins. A Windows gidan VST3 ɗaya ne, C:\Program Files\Common Files\VST3, in ka ga an jefa shi cikin Downloads ko kan Desktop to ba a girka shi daidai ba, sake girkawa za ka yi. Ka kuma tabbata na 64 bit ka sa.

Wanda kuma ya buɗe amma shiru, ka fara duba wane iri ne, don iri biyu ne kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ake zuba wa sauti a ciki a buga shi da kibod ko Piano roll, irin Fruity Granulizer, shi in ba ka zana mishi nota ba ba zai ce uffan ba. Akwai kuma wanda ake ɗorawa a layin mikisa irin Portal, shi sai sauti ya ratsa ta layin, in ka ɗora shi a layi na 5 muryar kuma tana layi na 3 ai har gobe ba za ka ji komai ba.

Sai matsalar filas. Ka jawo sauti kai tsaye daga filas ɗin mawaƙi, ya zare abinsa ya tafi, washegari ka buɗe aiki filogin ya nemi sautin ya rasa. Kowane sauti ka fara kwafe shi cikin foldar aikin kafin ka zuba shi a giranula, kuma kar ka sake wa foldar suna bayan nan.

Gargaɗi: filogin na gwaji da yawa da gangan suke ɗauke sauti ko su sa shuuu lokaci-lokaci, ba lalacewa ba ce, lasisi suke nema. Su kuma fasassun filogin, wato na sata, da ake turawa a filas, dan Allah a yi hattara, na ga laftof ɗin da aka yi wa wankin hadis gaba ɗaya saboda su, aikin wata shida ya tafi, banda haƙƙin masu shi da ke kanka.

4. Ƙarar tas-tas da sarƙewa

Giranula tana da cin ƙarfi saboda kowace tsaba kamar ƙaramar murya ce mai zaman kanta, in tsaba hamsin suka hau kan juna to murya hamsin kwamfuta ke ɗauka. Bi su a jere haka.

Na farko jona caja. Laftof in yana kan batir rage gudu yake yi da kansa. Shiga saitin wuta na Windows ka mai da shi High performance ko Best performance.

Na biyu bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa ta sarrafa kafin ta fitar. Danna F10 ka shiga Audio, ka tabbata direban ASIO ka zaɓa, sai ka ɗaga Buffer length. A kan sample rate 44100, wato yawan gutsuren sauti a kowane sakan, bafa 128 jinkirin kusan milisakan 3 ne, 512 kusan 12, 1024 kusan 23, 2048 kuma kusan 46. Ƙaramin bafa na lokacin ɗaukar murya ne don kar mawaƙi ya ji muryarsa na biyo shi a baya, amma lokacin giranula da mikisin ba wanda ke rera komai, ka kai shi 1024 ko 2048 ba abin da za ka rasa. A shafin akwai wajen da ke ƙirga underruns, wato sau nawa kwamfuta ta kasa fitar da sauti a kan lokaci, in lambar na hawa waƙa na tafiya to har yanzu da saura.

Na uku zafi, kuma wannan namu ne na nan. Watan Afrilu da Mayu a Katsina ɗaki kan ɗauki zafi kamar tanda, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar laftof tun watan Janairu. Za ka ga aiki na tafiya lafiya da safe, da azahar ya fara sarƙewa, kai kana ta zargin filogin alhali injin ne ya gaji. Ni nawa a kan marafan kwalba huɗu yake zaune don iska ta shiga ta ƙasa, kuma duk bayan hunturu sai na kai an buɗe an busa shi. Kar ka ɗora shi kan katifa ko darduma.

Na huɗu, Tools, Macros, Switch smart disable for all plugins. Yana kwantar da duk filogin da ba ya aiki a lokacin.

Gargaɗi: bayan ka yi wannan ka koma kan giranular ka cire mata Smart disable ita kaɗai, saboda takan ci gaba da fitar da sauti bayan abin da ke shiga ya ƙare, FL sai ya ɗauka ta gama ya datse ta.

5. Saita tsabar kanta

Wani tas-tas ɗin ba na kwamfuta ba ne, daga saitinka yake. Yadda za ka bambance, in ka fitar da ɗan guntu ka saurara a waje ƙarar na nan daram to saiti ne.

A Fruity Granulizer, ATT shi ne yadda kowace tsaba ke shigowa da fita a hankali, in ka mai da shi ƙasa ƙwarai bakin tsabar zai zama kaifi, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji, ɗaga shi kaɗan-kaɗan har ya lafa. HOLD tsawon tsabar ne. GR.SP tazarar da ke tsakanin tsaba da tsaba, in ka matse ta sosai za ka ji wani zzzz kamar na ƙudan zuma ya hau kan waƙar, dalili kuwa duk abin da ke maimaituwa fiye da sau 20 a sakan kunne ya daina jin sa ɗaya-ɗaya, sai ya ji shi kamar nota, kuma ba lallai notar ta dace da kiɗanka ba. W.SP shi ke tafiyar da kai cikin sautin, a sifili ya tsaya wuri ɗaya, ƙasa da sifili ya koma da baya. RAND kuma shi ne mai cakuɗawa, shi ne uban tafiyar da ke sa yau daban gobe daban.

In kana so tsabar ta bi kiɗa, raba 60000 da gudun waƙar. Waƙa mai gudun 100 kowane bugu milisakan 600 ne, kashi ɗaya cikin huɗunsa 150, sai ka saita kusa da nan, ko ka kunna Sync in filogin ɗinka na da shi.

Kalangu da kotso ni ban cika ɓarza su da yawa ba, daɗinsu a kaifin bugun yake da yadda suke magana, giranula kuma laushi take sa wa abu. Gurmi, goge, sarewa da amshin mata su ne take yi wa kyau. Bayanta ka sa Fruity Parametric EQ 2 ka yanke ƙasa, wajen Hz 150 zuwa ƙasa, don kar ta dagula wa bes wuri.

Gargaɗi: tsaba in sun taru ƙara na tashi ba zato. Rage layin tun kafin ya kai masta, kar ka bar wa limita shi kaɗai.

6. Kama sautin ya zama odiyo

Nan ne zancen yake. Bara wani dattijo mai gurmi daga Daura ya zo na ɗauke shi don waƙar biki, na ɗauki wani ɗan wuri inda ya ja tsirkiya ya sake ta, na ɓarza shi ya zama shimfiɗa a ƙarƙashin muryar mawaƙin. Wajen ƙarfe ɗaya na dare abin ya zauna, akwai inda tsabar ke tashi daidai lokacin da ake kiran sunan amarya, har mawaƙin ya miƙe tsaye daga kan benci ya ce "oga kar ka ƙara taɓa komai." Na fitar da waƙa, muka saurara, wurin nan babu shi. Na sake fitarwa, wani abu daban ya fito. Sau bakwai ina yi man janareta na ƙarewa, ga 'yan uwan ango za su zo karɓa da safe, kuma wallahi har yau ban sake jin wancan tashin ba. Ya yi min ciwo ƙwarai, don da na san abin da zan faɗa maka yanzu da minti biyu ya ishe ni.

Ga yadda ake yi. Je layin mikisa da giranular take, ka ɗora Edison a ramin da ke ƙasanta, dole ya zama bayanta ba gabanta ba. A Edison mai da yanayin ɗauka zuwa On play, ka ƙara mishi tsawon lokacin da zai iya ɗauka, ka danna jan maɓallinsa. Koma Playlist ka zaɓi yankin da kake so, ka fara daga bara (bar, ma'aunin tsawon kiɗa) ɗaya ko biyu kafin wurin don filogin ya samu abin da zai ɓarza, ka kuma bar bara biyu ko huɗu a ƙarshe saboda jela, wato sautin da ke biyo baya. Kunna waƙar ka bar ta ta zagaya sau huɗu ko biyar, Edison zai sa alama a kowane zagaye. Tsaya, saurari kowanne, zaɓi wanda ya fi, ka ja shi zuwa Playlist. Wani lokacin ma farkon na biyu nake haɗawa da ƙarshen na huɗu.

Ni yanzu tun ina murɗe-murɗe Edison na kunne yana ɗauka, saboda abin daɗin yakan zo ne lokacin da ba ka shirya ba.

Gargaɗi: sabon odiyon ka ba shi layin mikisa nasa daban. In ka mai da shi layin da ya fito zai sake ratsa giranular a ɓarza ɓarzajje. Sannan ka kashe na asalin amma kar ka goge shi, wata rana mawaƙi zai ce a canza kiɗa.

Akwai gajeriyar hanya, ka zaɓi abin a Playlist ka danna Ctrl, Alt da C, FL zai dunƙule shi ya zama odiyo. Yana aiki, sai dai shi ma sabon zubi zai yi ba wanda ka ji ba, don haka ka saurara kafin ka yarda. Masu Ableton su buɗe sabon layin odiyo su sa shigarsa a Resampling, ko su yi Freeze da Flatten. Masu Cubase akwai Realtime Export a wajen Audio Mixdown, masu Logic su zaɓi Realtime a wajen Bounce.

In filogin na waje ne kuma abin da ke fitowa ba bambanci kawai ba ne, a'a karyayye ne ko ya sauka daga kan kiɗa, danna alamar giya a saman tagarsa ka nemo Use fixed size buffers, a sabbin FL yana ƙarƙashin Troubleshooting, ka kunna ka sake gwadawa. FL yakan aika wa filogin sauti a gutsure masu girma daban-daban, wasu filogin kuma ba sa jure haka.

7. Fitar da waƙar

Yanzu da giranula ta zama odiyo sauran mai sauƙi ne. Cire duk wani jan zaɓi da ke saman Playlist, in ka bar shi iya wurin kawai zai fita. Danna Ctrl da R. Mode ya zama Full song ba Pattern ba. Tail ka sa Leave remainder, don Cut remainder shi ke guntule ƙarshen waƙa kamar an rufe ƙofa. In wani zai yi mastarin ka ba shi WAV 24 bit ko 32, ba dithering (siririyar ƙarar da ake sa wa sauti in za a rage bit), ka kuma cire limitar masta. In kai ka gama komai, WAV 16 bit da dithering, sai MP3 320 na turawa. Mai son layi-layi ka kunna mishi Split mixer tracks.

Gargaɗi: sample rate na waƙar saurare 44100, aikin fim ko bidiyo 48000, ka tambayi mai aikin tun kafin ka fara. Canza wannan a tsakiyar aiki yakan sa wasu giranula su canza murya ko tsawon tsaba. Kuma kar ka fara fitarwa batir na kashi goma kana fatan ba za a ɗauke wuta ba.

8. Saurara a inda za a ji ta

Saurari fayil ɗin da ya fita daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Sannan ka gwada a sifikar waya da ƙaramar sifikar bulutut, don a nan mutanenmu za su ji ta, a shago da cikin Keke Napep da wajen kamu. Giranula tana baza sauti hagu da dama, a hedifon sai ka ji kamar sama ta buɗe, amma a sifika ɗaya wani sashen yakan cinye wani abin ya sirance. Gwajinsa a FL, murɗa Stereo separation na masta zuwa dama gaba ɗaya ya haɗe, in shimfiɗar ta ɓace to ka rage PAN ko faɗin da ka ba ta ka sake kamawa. Kar ka manta ka mai da maɓallin tsakiya bayan gwaji.

9. Turawa da ajiya

Waƙar minti huɗu a WAV 16 bit wajen mega 42 ce, a 24 bit wajen 63, MP3 320 kuma ba ta kai 10 ba. Layi ashirin a 24 bit sun haura giga ɗaya, don haka ka yi lissafin data, in mai karɓa na cikin gari gara ya zo da filas. A WhatsApp ka tura ta a matsayin Document don ta isa yadda take, in layuka ne ka dunƙule su a zip tukuna.

Aikin kansa ka ajiye shi ta File, Export, Zipped loop package, amma ba lallai ya kwaso sautin da ke cikin filogin na waje ba, wannan kai za ka kwafa da hannunka ka sa a foldar, tare da duk zagayen da Edison ya ɗauka har waɗanda ba ka yi amfani da su ba. Kwafi ɗaya a laftof, ɗaya a hadis na waje, ka rubuta sunan waƙar da gudunta da kwanan wata a jikin foldar.